Hannun Baba Fanka, Kunnen Lauya

Kafin ya ɗaga ƙofar shago, Baba Fanka yakan share bakin hanya, ya yayyafa ruwa, ya tsaya sai ƙasa ta kwanta. Ba son tsafta ba ne kawai. Ya ce duk ƙurar da aka bari ta tashi a bakin ƙofarsa, cikin kwamfutar wani za ta je ta kwana. Daga nan sai ya shiga, ya kunna fitilar tebur mai lanƙwasasshen wuya, ya jera kayan aiki: ƙananan sukudirebobi, tsohon buroshin haƙori, 'yar robar hura iska, da farantin ƙanƙara na firji wanda yake zuba notuna a ramukansa don kada na wannan kwamfuta su cuɗe da na waccan. Shagon a ƙarƙashin matakalar wani bene yake. Mutum biyu ba sa zama a ciki sai gwiwoyinsu sun haɗu.

Idan aka kawo masa kwamfutar cinya ba ya tambayar me ke damunta. Kunnawa yake yi, ya ɗora bayan hannunsa a gefen da iska ke fita, ya karkatar da kai, ya yi shiru. Mai kwamfuta na ta zuba bayani, shi kuwa wani abu dabam yake saurare. In ya gama sai ya ce, "Bar ta." Ko kuma, "Wannan ba tawa ba ce, kai wa masu gyaran sikirin." Maganarsa ta yini ba ta wuce haka da yawa.

A ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Ba za a yi taro ba, ba wanda zai miƙa masa lambar yabo, ko an shirya ma ba zai je ba. Shi ya sa na ga ya kamata a rubuta.

Aikinsa ƙarami ne, kuma sai an ɗan yi bayani. Yawancin kwamfutocin da ke hannun mutanen unguwar nan tsofaffi ne, sun sha hannu kafin su iso. Babbar manhajar da aka sayar da su da ita ta yi musu nauyi, kamar an ɗora wa tsoho buhu. Sai a cire ta a sa Linux, wadda kyauta ce kuma ba ta da nauyi, inji ya farfaɗo. To amma a cikin kowace kwamfuta akwai 'yar fanka da ba ta kai tafin hannu ba, akwai kuma wani ɗan mitsitsin abu da ke ba ta umarni. Wasu masu ƙerawa ba su gaya wa kowa yadda ake magana da wannan abu ba, sai manhajar da suka sayar. Da zarar an canza, sai abin da hali ya yi. Wata fankar ta kama ruri tun daga kunnawa har kashewa. Wata ta kwanta barci, inji ya gasu, ya kashe kansa a tsakiyar aikin mutum.

Nan Baba Fanka yake shigowa. Yakan ɗora wa inji aiki mai nauyi, ya zuba wa jerin lambobi ido a sikirin, ya ga wacce ke motsi idan fanka ta tashi, wacce ke sauka idan ta lafa. Wani injin ya bayar da kai cikin yini guda, wani ya ja shi mako. In ya gano inda umarnin yake, sai ya rubuta 'yan layuka: idan zafi ya kai nan, juya kaza, idan ya wuce nan, ƙara. Shi ke nan. Kuskure ɗaya a wurin yana iya kashe inji har abada, saboda haka ba ya sauri, kuma ba ya son a tsaya masa a ka.

Mai Agogo, maƙwabcinsa na bango ɗaya, wanda suka tsufa tare suna tsokanar juna, shi ne ya ga yawancin abin da ya faru a wannan shago. Shi ya ba da labarin mai kantin magani da ya zo da tasa tana ɗigar ruwa. Ashe duk lokacin da ta yi zafi, firjin allurai yake sa ta ta huce. Baba Fanka ya juya ta, ruwa ya tsiyaye a kan tebur, ya ce, "Alhaji, zazzaɓi take yi, kai kuma ka ƙara mata da limoniya." Ya shanya ta, ya gyara, har yau tana aiki. Shi ya ba da labarin ɗalibai masu rubuta kundin kammala karatu, waɗanda ke yin layi a kan matakala kowa rungume da injinsa, da na wata mai ɗaukar hoton biki da tata ke mutuwa duk lokacin da ta fara haɗa bidiyo. Ba wanda ya koma da tasa a mace.

Duk saitin da ya gano yakan ɗora shi a intanet, inda masu irin wannan sana'a ke ajiye nasu don kowa ya ɗauka. Ba suna, ba lambar waya. A ƙasar da na yi karatu na taɓa ganin ɗaya a kwamfutar wani ɗan ajinmu. A ƙarshen layukan an rubuta kalma ɗaya tak, fanka. Shi bai san ma'anarta ba. Ni na gane kalmar, mutumin ne ban sani ba sai da na dawo.

Amma aikin da ya fi nuna ko wane ne shi, shi ne na Lauya.

A lokacin ba ta zama lauya ba. Suna ne da unguwa ta laƙaba mata tun tana ƙarama, saboda ba a kayar da ita a gardama. Wata rashin lafiya ta tafi da idonta tana budurwa. Da safe tana aikin amsa waya a wani asibiti, da yamma tana karatun shari'a. Kwamfutarta ce idonta. Akwai murya a ciki da ke karanta mata duk abin da ke sikirin, ta kuma ƙara wa muryar sauri har ba wanda ke gane abin da take faɗa sai ita. Jarrabawar ƙarshe ce ta rage mata, wadda in ta ci za a ba ta izinin tsayawa a kotu. Bara ta zauna. An ba ta ɗaki ita kaɗai da mai sa ido. A tsakiyar takarda inji ya ɗauke ɗif. Kafin ya huce ya dawo, lokaci ya tafi, amsoshinta ma sun tafi. Dokar makarantar ta ba ta dama ɗaya kacal ta sake zama. In ta faɗi, shekarun karatun sun tashi a banza.

Ta zo shagon da mahaifiyarta, wata mai ɗinki, wadda ta rungumo kwamfutar a ƙirji kamar jaririya.

"Salamu alaikum. Nan ne wurin mai fanka?"

"Nan ne. Shigo, 'yata, akwai mataki a gabanki."

"Sanda ta gaya min, Baba. Kai dai janyo min kujera."

Uwar ta ajiye kaya a tebur. Baba Fanka ya daɗe yana kallo. Kwamfutar tana sanye da riga. An yanka soso mai kauri, an lulluɓe shi da yadi mai kyau, an ɗinke shi daidai jikin inji, ƙasa da gefe da baya, an bar wurin madannai da sikirin kawai. Har da ado a baki-baki.

"Hajiya, wa ya yi wannan ɗinki?"

"Ni na yi."

"Ya yi kyau. Ko'ina ya zauna." Ya sa yatsa a gefen hagu, inda ramukan iska suke a ƙarƙashin soso. "Har a kan hancinta."

Uwar ta gyara mayafi. Ta ce tun da aka canza wa abin nan manhaja yake ruri kamar injin niƙa. Yarinya na karatu, muryar na magana, rurin na haɗiye rabin maganar. Ita kuwa abin da ta iya ke nan, ɗinki. Ta sa soso, ƙara ta ragu. Lauya kuma ta ƙara da ɗora ta a kan matashi, ta ƙara raguwa.

"Kuma ka ji, Malam," in ji uwar, "duk abin da ke da daraja a ɗakina yana da riga. Talabijin na da ita, keken ɗinki na da ita, rediyo ma haka. Sai abin da 'yata ke gani da shi zan bari tsirara?"

Mai Agogo, da ya leƙo daga bakin ƙofa, ya tuntsire da dariya. "Ikon Allah! Mai zazzaɓi a cikin bargo!"

"Koma ka daidaita agogunanka," in ji Baba Fanka ba tare da ya ɗago ba. "Kowanne da nasa lokacin."

Shi bai yi dariya ba. Ya juya wajen Lauya. "Me ya hana ki sa iyafis, abin sauraren nan na maƙalawa a kunne?"

"A ɗakin jarrabawa an hana. Dole mai sa ido ya ji duk abin da take karanta min, kar a ce wani ke raɗa min amsa. A gida kuma, Baba, ido ya tafi, in toshe kunne kuma? Wa zai ji Mama ta kira? Wa zai ji an taɓa ƙofa?"

Magana ta fito fili. In an cire riga, fanka ta haɗiye murya. In an bar riga, inji ya mutu. Neman wata kwamfutar bai taso ba, don yatsunta wannan suka sani, jarrabawa kuwa saura 'yan makonni. Abin da ake buƙata shi ne fankar da za ta juya ta sanyaya inji tsawon jarrabawa, amma kada ta ɗaga murya sama da ta mai karatu.

"Bar ta," in ji shi.

Ya buɗe cikinta. Ƙura da burbushin zare na ɗakin ɗinki sun dunƙule a bakin fanka kamar auduga. Ya share, ya kankare busasshen man da ke kan ƙwaƙwalwar inji, ya shafa sabo. Wannan mai sauƙi ne. Neman inda umarnin fanka yake ya ɗauke shi kwanaki, ya kuma samu. Saura daidaitawa. A nan ne ya tsaya, don akwai abin da bai gaya wa kowa ba a layin shagunan.

Kunnensa ya fara tafiya. Tsuntsayen da ke kan wayar lantarki ne suka fara yin shiru. Sai kukan buta a kan wuta. Sai ƙas-ƙas ɗin agogunan maƙwabcinsa, wanda shekara da shekaru yake ji ta bango har ya daina lura da shi, sai ranar da ya neme shi ya rasa. Maiɗakinsa ce ta fara ganewa, ganin yadda yake ƙure rediyo. Da sauran masu kawo gyara abin bai hana shi aiki ba, hannu da lambobi sun isa. Wannan aikin kuwa ba zafi kaɗai ake aunawa ba.

Ya yi saitin iya yadda ya ga dama-dama, ya aika aka kira Lauya. Ta zauna, ta kunna, murya ta fara zuba. Ta saurara.

"Rurin ya tafi, Baba. Amma akwai wani siririn kuka a sama, kamar sauro."

Shi bai ji komai ba. Ya ce, "To." Ya canza lamba ɗaya.

"Ya ƙaru."

Ya mayar, ya canza wata. Ta ninke sandarta ta ɗora a cinya.

"Baba, ran da muka zo, Mama ta yi maka sallama ta hagunka za mu tafi, ba ka amsa ba. Kuma kafin ka ce fanka ta tashi sai ka ɗora yatsa a jikin inji, ina jin farcenka. Tun yaushe?"

Ya dubi bakin ƙofa. Ba kowa.

"An kwana biyu."

"Wa ya sani?"

"Maiɗakina. Yanzu ke."

"To ni ba na gani, kai ba ka ji. Inji ɗaya ne dai. Ai ma iya masa."

Haka suka yi. Kullum in ta tashi daga aiki sai ta zo, su zauna gwiwa da gwiwa. Kwamfuta na karanto wani tsohon littafin dokar gado da saurin da ta saba, shi yana ƙara wa fanka gudu kaɗan-kaɗan. Da zarar kalma ta ɓace mata sai ta ɗaga yatsa, shi kuma ya tsaya. In zafi ya haura a hannunsa sai ya ƙwanƙwasa tebur, ta san an koma baya. Yini na farko bai haifar da komai ba. Gudun da kunnenta zai iya ɗauka bai isa ya sanyaya inji ba.

Sai ya koma ta ɗaya gefen. Tunda fanka ba za ta ƙara ba, inji ya rage. Ya rage wa ƙwaƙwalwar gudu, ya ce karatu da rubutu ba sa buƙatar tsere. Ya kashe duk abin da ke aiki a ɓoye ba tare da an sa shi ba. Hasken sikirin ma ya rage shi har ƙasa, ya bar iya abin da mai sa ido zai gani.

"Ka kashe shi gaba ɗaya mana," in ji Lauya. "Ni ban taɓa ƙorafi ba."

A hankali suka gano abu biyu. Kukan sauron nan a wani gudu guda yake fitowa, ƙasa da shi babu, sama da shi babu. Sai ya sa fanka ta riƙa tsallake wurin. Na biyu, ba ƙarar da ke tafiya daidai ce ke cinye mata kalma ba, tashin farat ɗaya ne. Saboda haka ya sa ta fara juyawa tun inji na da sanyi, a hankali, kuma kada ta tsaya sam. Ƙarar da ba ta canzawa, in ji Lauya, kunne yakan ajiye ta gefe ya manta.

Layi ɗaya suka yi gardama a kai. Ya bar umarnin cewa idan zafi ya wuce iyaka, fanka ta saki duk ƙarfinta, ko mai ita na so ko ba ta so.

"Cire shi, Baba. In ta yi min ruri a tsakiyar tambaya fa?"

"Sai ki ɗaga hannu daga madannai, ki jira. Za ta sauka."

"Lokaci na tafiya fa."

"Bara nawa ya tafi?"

Ta haƙura, aka bar layin. Mai Agogo ya ce a iya saninsa wannan ce gardamar farko da aka kayar da ita.

Gwajin ƙarshe da tsakar rana suka yi shi. Baba Fanka ya sauke ƙofar shago, ya kashe tasa fankar ta bango, suka zauna cikin zufa, inji na karatu, tana rubutu, tsawon abin da takarda ɗaya za ta ɗauka. Ya cire wayar caji ma, don ya ga ƙarfin batir. Mai Agogo ya buga ƙofa. "Kai, tsoho! Kun mutu ne a ciki, in kira mutane?" Ba su mutu ba. Inji ma haka.

Saura riga. Da uwar ta zo ɗauka, ya ninke ta da kyau ya miƙa mata da hannu biyu.

"Hajiya, wannan rigar fita ce. In za a tafi da ita a sa mata. In za ta yi aiki a tuɓe mata. Sai dai ina da roƙo. Ina son 'yan matasai biyu ƙanana, masu tauri, kamar tsawon yatsa, da za a sa a ƙarƙashinta ta baya, iska ta samu hanya. Na gwada katako, yana zamewa."

Katako bai zame ba. Mai Agogo ya gan shi a aljihun tebur. Amma washegari matasai suka iso, an cusa su tam, da ado a baki-baki.

Ranar jarrabawa bai buɗe shago ba. Ya je ya zauna a benci a barandar makarantar, kusa da uwar. An shigar da Lauya wani ƙaramin ɗaki, aka rufe ƙofa. Rana ta ɗaga. Can sai ya ga fitilun baranda sun ɗauke, fankar sama ta yi juyi biyu-uku ta tsaya. An ɗauke wuta. Ya dubi tagar ɗakin, a rufe take. Ya san abin da ke faruwa a ciki, ɗaki na ɗumama, inji na shaƙar iska mai zafi.

"Malam," in ji uwar, "kai ka san kukanta. Matsa kusa da ƙofa ka ji mana."

Bai motsa ba. "Je ki ke, Hajiya. Ki saurara ki gaya min."

Ta dube shi. Ta tashi ta tsaya jikin bango, ta dawo.

"Tana magana."

"To tana da rai."

Haka suka yi ta yi, tana zuwa tana dawowa. Can wajen ƙarshe ta dawo da sauri, hannu a ƙirji. "Ta fara ruri! Irin na da!" Ya ce ta zauna. Ta ƙi. Ta koma jikin bango, ta daɗe. Da ta dawo sai ta zauna a hankali. "Rurin ya lafa. Tana magana."

Daga baya Lauya ta ce a tambayar ƙarshe ne. Fanka ta saki ƙarfi, murya ta nutse, mai sa ido ya zabura daga kujera. Ita kuwa ta ɗaga hannuwa ta ɗora a cinya, tana jin zufa na bin bayanta. Ta jira. Fanka ta sauka. Ta sa aka sake karanto mata tambayar, ta amsa.

Da aka buɗe ƙofa, uwar ta tare ta da tambayoyi. Baba Fanka bai tambayi yadda jarrabawa ta kasance ba. Ya karɓi kwamfutar daga hannunta, ya juya ta, ya ɗora bayan hannunsa.

"Ɗumi ne," in ji shi. Ya miƙa wa uwar. "A bari ta huce kafin a sa mata riga."

Sakamako ya fito. Sunan da ake tsokanarta da shi ya zama nata.

Bayan wannan ne ya je asibiti, likita ya ce abin gaba zai yi, ba baya ba. Ya dawo ya zauna a bencin Mai Agogo, ya gaya masa.

"Na sani," in ji Mai Agogo, da ƙarfi, ta kunnen dama. "Shekara guda ina zaginka ta bango ba ka ramawa. Na ce ko dai ka shiryu, ko ka kurumce. Na kuwa san ba ka shiryu ba."

Da yawa sun ce masa ya ci gaba, tunda hannu da lambobi na nan. Ya ƙi. Ya ce fankar da ta fara lalacewa a kunne ake fara kama ta, kafin hannu ya ji, kafin lamba ta nuna. Ba zai karɓi injin mutum ya yi masa rabin aiki ya ce ya gama ba. Saitin kwamfutar Lauya shi ne na ƙarshe da ya ɗora a intanet. A ƙarshensa, gaban kalmar nan tasa guda ɗaya, ya ƙara 'yan kalmomi: an daidaita da kunnen wata.

Baba Fanka, mai sanyaya cikin inji. Kai ne ka zauna a ƙarƙashin matakala kana sauraren abin da masu shi suka gaji da ji. Kai ne ka ga soso a kan hancin kwamfuta ba ka yi dariya ba, don ka ga hannun da ya ɗinka shi. Da kunnenka ya gaza ba ka yi ƙaryar kana ji ba, ka ari na wata, kuma ka rubuta cewa aro ne. Ka bar layin da ba a so a bari, shi ne ya yi aiki. Yanzu kuma ka ajiye sukudireba tun kafin wani ya ce ka ajiye. Mun gode. Allah ya saka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi, ya bar maka abin da ya rage na ji.

Ga sauranmu, abin koyin ba shi da yawa. Wanda ya gano wani abu a sana'arsa ya rubuta shi ya ajiye inda wani zai samu. Wanda aka kawo wa gyara ya tambayi dalilin ɓarnar kafin ya yi dariya. Wanda wani abu nasa ya fara gazawa ya faɗa, ya nemi wanda yake da shi. Shagon ƙarƙashin matakala zai zama fanko a ƙarshen wata, tsofaffin kwamfutoci kuwa ba su daina zafi ba. Akwai wurin zama ga mai haƙuri.

Na gaya masa zan rubuta wannan. Ya ce ba zai karanta ba, dogon rubutu ɓata lokaci ne. Lauya ta ce ba komai. Kwamfutarta za ta karanta mata, ita kuma ta je ta faɗa masa, da ƙarfi, ta kunnen dama.